Ranar da Inna Ta Shiga Ruwa da Zanenta

Warin jabel, maganin nan da ake goge ƙasa da shi kuma ake zubawa a ruwan iyo, shi ne yake mayar da ni can. Ina aiki a wani asibiti a Lyon, kuma kowace safiya, idan masu shara suka gama goge baranda, warin nan yakan tare ni tun daga bakin ƙofa. Wasu ranakun ba na ma kula. Wasu ranakun kuwa sai in ji ni ƴar shekara tara, tafin ƙafata a kan tayil mai santsi, iska mai ɗumi ta cika min ƙirji, ihun yara yana dawowa daga rufi kamar ana buga kwanoni. Idan ka taɓa shiga irin manyan wuraren wasan ruwan nan masu rufin gilashi, ka san ƙarar da nake nufi. Mutum yana kusa da kai, kana ganin bakinsa yana motsi, amma ba ka jin abin da yake faɗa.

A Bron muka tashi, gefen Lyon, a hawa na bakwai na wani dogon gini mai fenti ruwan toka. Mu uku ne: ni ce babba, sai ƙanena, sai Autarmu mace. Baba mutumin Tawa ne, karatu ya kawo shi, ya gama ya samu aiki a ɗakin bincike na jami'a, ya zauna. Inna daga Madarunfa take, kusa da Maradi. A lokacin sunan garin bai nuna min komai ba, ban da cewa daga can ake aiko mana da yaji da kuka da busasshen kifi a jakar duk wanda ya zo daga gida.

Ginin namu an yi shi ne don ya riƙe ɗumi lokacin sanyi, to idan watan bakwai ya kama sai ya riƙe zafin ma, ya ƙi saki. Inna takan rufe tagogi tun hantsi, ta jiƙa tsofaffin zannuwa ta rataye, ta cika babbar robar wanki da ruwa ta ajiye a ƴar barandarmu. Nan muke shiga ɗaya bayan ɗaya, gwiwoyinmu a haɓa. Unguwa takan yi tsit a wannan lokacin. Maƙwabtanmu Larabawa sun ɗaure kaya a saman motoci sun nufi gida, Faransawa sun tafi bakans, wato yawon hutu. Mu da ba mu zuwa Nijar sai bayan shekara uku ko huɗu, muna nan muna leƙen filin wasa da ba kowa a ciki. Abin da ya fi damuna shi ne ranar komawa lakwal, wato makaranta, lokacin da malama za ta ce kowa ya ba da labarin inda ya je.

Shekarar da nake ba ka labari, Kawu ya kira daga Montreuil. Yayan Inna ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana da ɗan shago a Barbès inda yake sayar da katin waya, mutum mai babbar murya da son raha. Ya ce a kawo masa yara su yi sati, zai kai mu wani wurin wasan ruwa da ƴaƴansa maza biyu ba su da zance sai nasa. Har takardar tallan wurin ya aiko mana ta gidan waya. Na riƙe takardar nan sai da ta yi laushi. Akwai tobogan, wato kwararon da ake zamewa a ciki a faɗa ruwa, masu launi da suke murɗewa tun daga rufi, akwai tafki mai yin igiya kamar teku, akwai itatuwan dabino na roba da yara masu dariya a ƙarƙashinsu.

Inna ba ta so ba. Ta ce Auta ba ta cika shekara huɗu ba, ƙanena bai iya iyo ba, ni ma nawa iyon na lakwal ne, wanda ba ya wuce tsawon ɗaki. A ganinta, in ma ruwan ake so, a nemi ƙaramin masaukin hutu mai ƙaramin pisin, wato ginannen kududdufin iyo, inda mutum zai zauna ya ga ɗansa. Baba yana tsakiya. Na ga alamar shi ma ransa bai kwanta ba, amma ba ya son ja da surukinsa, mu kuma mun hana shi sakat. Daga ƙarshe ya ce wurin cike yake da masu tsaron ruwa, aikinsu ke nan, kuma Turawa ba su wasa da irin wannan. Inna ta tashi ta shiga haɗa kaya.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Gidan Kawu ɗaki biyu ne da falo, aka shimfiɗa katifu a ƙasa, muka cika shi da hayaniya. Rana ta uku muka shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka nufi wurin wasan ruwan, matar Kawu ta zauna gida tana girki.

Tun a bakin ƙofar wurin abin ya fara karkacewa. Matar da ke karɓar tikiti ta dubi Inna, da zanenta shuɗi da doguwar riga da mayafi, ta ce cikin ladabi ba a isa bakin ruwa sai da mayo, wato kayan iyo, doka ce ta tsabta kuma ta hau kan kowa. A lokacin ba mu ma taɓa jin labarin kayan iyon mata masu rufe jiki ba. Ta nuna wani wurin shan shayi a gefe, mai bangon gilashi, ta ce daga can ana ganin tafkin gaba ɗaya. Kawu ya so ya yi gardama, Inna ta hana shi. Ta durƙusa ta hura robobin nan da ake sa wa yara a damtse don kada su nutse, ta zura wa Auta da kanta, sannan ta kama haɓata ta ɗago fuskata.

"Hannunta a hannunki," in ji ta. "Duk inda za ki, ki kai ta wurin babanku tukuna."

Na ce to, idona yana kan tobogan.

Wannan ce rana ta farko da na ga Baba ba riga. Siriri ne ashe, ya rataya tawul a wuya yana ta gyara shi. Ya bar tabaraunsa a akwatin ajiye kaya, saboda haka yana tsuke ido yana kallon komai kamar baƙo. Kawu ya kwashi ƴaƴansa suka yi sama wajen tobogan. Baba ya kama ƙanena suka tsaya a bakin tafkin mai igiya, inda ruwa yake farawa a idon sawu ya riƙa zurfi a hankali kamar bakin teku. Ni da Auta muka zauna kusa da su tana tara ruwa a tafin hannu. Idan na waiga nakan hango Inna a bayan gilashi, ba ta zauna ba, shayin da ta saya yana kan tebur.

Can Auta ta ce za ta yi fitsari. Na kai ta bayi, a can ta fara kuka robobin suna matse mata hannu, na cire mata da niyyar in mayar idan mun fito. Muna fitowa sai ga babban ɗan Kawu a guje, jikinsa yana ɗigar ruwa, yana cewa layin babban tobogan ya ragu, in zo yanzu ko in rasa. Na zaunar da Auta a bakin ruwa, taku biyar ko shida a bayan Baba, na ajiye robobin a gefenta. Na ɗaga murya na ce, Baba ga Auta nan. Na ga ya ɗan juyo da kai. Na ɗauka ya ji. Shekaru da yawa na yi ina tambayar kaina ko da gaske na ɗauka ya ji, ko kuwa so na yi ya zama ya ji.

Ina saman matakala, saura mutum uku a gabana, aka busa ƙahon da ke nuna igiya za ta fara. Yara suka ɗauki sowa suka ruga cikin tafkin daga kowane gefe. Na duba ƙasa don in nuna wa ɗan Kawu inda mutanenmu suke. Robobin suna nan a kan tayil. Auta ba ta nan.

Mayonta ruwan ɗorawa ne, da shi na gano ta. Ta bi yara ta shiga, igiyar farko ta kayar da ita, ruwan da ke komawa ya ja ta ciki, tsakanin manyan mutane da tayoyin roba. Kanta ya fito, ya koma. Ba wanda ya lura, kowa tsalle yake yana dariya. Na buɗe baki, amma ko ni ban ji muryata ba. Sai na ga Baba ya hango ta. Ya ture ƙanena baya, ya kutsa, ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji. Igiya ta zo ta mare shi a fuska. Ya tsaya cik, hannuwansa biyu a miƙe, tsakaninsa da ita bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ya sake ɗaga ƙafa, wata igiyar ta ɗaga shi, ya daddage ya nemi ƙasa. Bai ƙara gaba ba.

Daga gefen wurin shan shayin wata ƙofa ta ma'aikata ta buɗe da ƙarfi. Wata mata ta fito a guje da shuɗin zane, ta watsar da takalma. Sai da na ɗan jima kafin in gane Inna ce, don ban taɓa ganin ta tana gudu ba. Ba ta bi ta wurin da ruwa ke farawa ba. Ta bi gefen tafkin har daidai inda yake da zurfi, ta tattare zane, ta faɗa da kai. Mayafinta ya rage a saman ruwa. Na ƙirga numfashina ɗaya, biyu, sai ga ta ta ɓullo da Auta a kafaɗa, hannu ɗaya yana riƙe da yarinyar, ɗayan yana yanka ruwa. A lokacin ne usur ya tashi, wani saurayi mai tsaron ruwa ya yi tsalle ya iso gare su, aka kashe igiyar.

Ban san yadda na sauko daga matakalar nan ba. Na same su a wani ɗan ɗaki na ba da taimakon gaggawa. Auta ta amayar da ruwa, tana kuka da ƙarfi, matar da ke duba ta ta ce kukan nan shi ne abin da ake so a ji. Wani babba a wurin ya shigo da fuska a ɗaure, ya fara magana a kan ƙofar ma'aikata da dokar kaya, ya dubi yarinyar, ya dubi Inna da ruwa ke zuba daga zanenta, sai ya bar maganar ya aika a kawo tawul. Saurayin nan mai tsaron ruwa ya matso kusa da Inna. Ya ba da haƙuri ya fi sau uku, ya ce cunkoso ne ya tare masa gani. Inna ba ta jin Faransanci sosai a lokacin, amma ta gane, ta dafa masa hannu.

Kawu ya cire babbar rigarsa ya ba ta ta sa, shi ya shiga metiro da ƴar shara. Auta ta yi barci a ƙirjin Inna. Baba yana tsaye ya riƙe ƙarfe, ya mayar da tabaraunsa, yana kallon baƙin gilashin taga.

Bayan la'asar, da aka ci abinci aka natsu, Kawu ne ya warware min abin da ya ɗaure min kai. Ya ce ai mahaifinsu masunci ne a tafkin Madarunfa, a bakin ruwa aka haife su. Ya ce Inna ta iya iyo tun kafin ta iya magana sosai, kuma da damina idan tafki ya cika, ita ce ake aikawa ta kamo kwalekwalen da ya kwance, don ta fi mazan sauri. Da ta zama budurwa ta daina, kamar yadda ƴan mata ke dainawa. Daga nan sai aure, sai Faransa. Shekara goma sha wani abu ba ta shiga ruwan da ya wuce na wanka ba. Na dubi Inna tana ninke kayan Auta, matar da na sani da tukunya da keken ɗinki da jan keken cefane, na ji kamar an canza min ita.

Sai Baba ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya tambaye ni wa ya cire robobin, kuma ina nake lokacin da abin ya faru. Na fashe da kuka. Inna ta ajiye kayan da ke hannunta.

"Malam, ka bar ta," ta ce. "Ɗiyar shekara tara muka ba ajiyar rai. Mu manya muna ina? Ni ina bayan gilashi. Kai kuma..."

Ta katse maganar, don yayanta yana zaune. Baba ya sunkuyar da kai.

"Ni kuma ban iya ruwa ba," in ji shi. "Da na faɗa tun a gida."

Kawu ya ce kowa ya yi haƙuri, shi ne ya matsa aka je, Allah ya tsare sai a gode masa. Aka yi addu'a aka shafa. Washegari Inna ta dafa shinkafa da yawa ta sa aka kai sadaka wani gidan ma'aikata ƴan Afirka da ke bayan layin su Kawu.

Jikin Auta ya warke a kwana ɗaya, amma abin bai bar gidanmu ba. Duk lokacin sanyin shekarar, idan za a wanke mata kai sai an yi kokawa, tana ihu tana riƙe bakin baho. Ni kuma ranar da ajinmu ke zuwa pisin na gari sai cikina ya fara ciwo, kuma ciwon gaske ne, ba ƙarya ba. Baba yana rubuta min takardar uzuri ba tare da ya tambaye ni komai ba. Inna tana gani.

Da zafi ya sake gabatowa, Baba ya zo da wani littafin wuraren hutu da ake raba musu a wurin aiki. Ya riga ya ninke shafin da yake so: wani ƙauye a kan duwatsu, shanu da ciyawa, ba ruwa ko na alwala sai a famfo. Ƙanena, wanda bai ga komai ba ranar saboda Baba ya ture shi baya, ya buɗe wani shafin, wani ƙaton sansanin hutu a bakin teku mai tobogan har biyar, ya ce shi can yake so. Ni na ce duwatsun sun yi min. Inna ta karɓi littafin ta yi ta juya shi a kan teburin kicin, tana kallon hotuna. Ta ce ba duwatsu, ba tobogan. Ta ce ƙasar nan ko'ina ruwa ne, lakwal za ta kai mu, abokai za su kai mu, wata rana za mu je ba tare da an sani ba, kuma yaron da ke tsoron ruwa ya fi wanda bai san shi ba shiga haɗari. Sharaɗinta biyu ne. Wurin ya zama ƙarami, yadda idan ta tsaya a wannan bakin za ta ga ƙasan wancan. Kuma a bar ta ta shiga.

Sharaɗi na biyun ne ya ba Baba aiki. Sati biyu yana dawowa daga aiki ya zauna kusa da waya da littafin a cinya. Yana da wani Faransanci na takarda, mai tsawo, da yake fitowa da shi idan yana jin kunya. Sai ya gaisa, ya yi bayanin iyalinsa, ya zagaya ya zagaya, kafin ya iso kan cewa matarsa tana son shiga ruwa da kaya masu rufe jiki. Yawanci sukan ce su yi haƙuri, doka ce. Wani ya ajiye waya kafin ya gama. Kowane kira sai ya ja layi a kan shafi, ya goge tabarau, ya buga na gaba. Yanzu da na girma na san abin da kiran nan ya ci masa, mutumin da ko hanya ba ya son tambaya.

Wadda ta amsa daga ƙarshe wata tsohuwa ce a wani ƙauye na Ardèche, mai ƙananan gidaje biyar na haya da pisin ɗaya a tsakiya. Ta katse dogon bayanin Baba ta tambaye shi ko matar tasa ta iya iyo. Ya ce ta iya. Ta ce to ta fi rabin baƙinta. Abin da take so kawai, kayan su zama na ruwa ne kaɗai, ba waɗanda aka yi yawo da su ba, kuma a watsa ruwa kafin a shiga. Inna ta sayo dogon wandon motsa jiki da riga mai dogon hannu a kasuwa, ta zauna a kan keken ɗinki ta ƙara wa rigar tsawo, ta haɗa da hular roba.

Wurin yana cikin itatuwa, ƙasa ja, duwatsu masu zafi, gyare yana kuka daga safe har yamma ba hutawa. Iskar tana ƙanshin ganye busasshe. Da ƙanena ya ga pisin ɗin sai ya tura baki ya ce wannan ai robar barandarmu ce aka ƙara wa girma. Gaskiya ne, taku goma sha biyu ka gama tsawonsa. An kewaye shi da shinge, sakatar ƙofar tana can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. A gefe akwai wani ɗan ƙarami da ruwansa bai wuce ƙaurin Auta ba. Sauran baƙin iyalai ne masu jarirai da tsofaffi biyu masu karanta jarida. Sun kalli Inna ranar farko, rana ta biyu suka daina, rana ta uku wata ta miƙo mata ɗanta ta riƙe mata.

Inna ta tara manyan jarkokin ruwan sha da muka shanye, ta rufe bakinsu tam. Ta ce a garinsu da gora ake koya, yaro ya rungume ta a ƙirji ya yi ta bugun ƙafa. Ƙanena ya kama a kwana biyu, ya manta da tobogan. Auta ta ƙi ko kusantar shinge. Inna ba ta matsa mata ba. Ta ba ta kofi da bokiti ta ce ta shayar da furannin tsohuwa, amma ruwan sai dai ta ɗebo daga ƙaramin pisin. Ranar farko tana miƙa hannu daga nesa. Rana ta uku muka waiga muka gan ta zaune a ciki tana yi wa kofin wanka.

Ni ce na fi ba ta wahala. Na iya motsin, amma da ruwa ya taɓa kunnena sai jikina ya sandare. Ta sa na kwanta rigingine, tafin hannunta a ƙeyata. Ina kallon sama ta cikin ganye, ina jin bugun zuciyata a cikin ruwa.

"Ki saki wuyanki, ɗiyata," ta ce. "Ina nan."

Ta fara ba ni labarin tafkinsu, yadda suke tsinko bado su ci, da wata akuyar kakarsu da ta iya shiga kwalekwale da kanta. Ina saurare har na yi dariya. Sai ta ɗago hannuwanta biyu ta nuna min a saman fuskata. Ta daɗe da cirewa. A nan, ina kwance a kan ruwa, na ce mata ni ce na cire wa Auta robobin. Ta ce ta sani, ta gilashi ta ga na fito da su a hannu na ajiye. Ta ce ta ga na yi wa Baba magana ma, kuma ta ga bai ji ba, ta buga gilashin har hannunta ya kumbura. Ta ce maganar ta ƙare daga yau.

Baba kuwa yana ƙarƙashin itace da littafi, da rigarsa da wandonsa, yana ɗaga kai yana yaba mana. Safiya ta biyar, bayan sallar asuba gari ya fara haske, na farka na ji motsin ruwa. Na ɗaga labule. Ta tsakanin shinge na ga Baba a cikin pisin, ya rungume jarka da hannu biyu, dogayen ƙafafunsa suna dukan ruwa ba tsari. Inna tana gabansa tana tafiya da baya, ta riƙe wuyan jarkar. Ya shaƙi ruwa ya miƙe yana tari, ita kuma ta tuntsire da wata irin dariya da ban taɓa jin ta yi ba, irin ta ƴan mata. Ya watsa mata ruwa. Tsohuwar mai gida ta ɓullo da butar ban ruwa a hannu, ta hango su, ta juya a hankali ta bi ta bayan gidaje. Na saki labulen na koma na kwanta.

Shekara huɗu a jere muna komawa can, har tsohuwar ta gaji ta sayar da wurin. Kada ka ɗauka kuma mun yi gaba da wuraren wasan ruwa har abada. Da na kai shekara goma sha biyar, Auta ta zama kifi, Baba da kansa ya kai mu wani a kusa da Lyon. Na hau babban tobogan sau bakwai, kuma daɗinsa ya kai yadda na yi zato. Inna tana bayan gilashi a ranar ma, amma a zaune, ta shanye shayinta har ta ƙara wani.

Yau ina da yara biyu, namiji ɗan shekara biyar da mace ƴar shekara biyu. Takardar talla ta koma cikin waya, hotunan suna motsi, kuma ɗana ya iya nemo su da kansa ya kawo min. Kayan iyo masu rufe jiki suna kasuwa, ina da su kala biyu, wasu wuraren sun yarda, wasu sun ƙi, ana ta musu a kansu a talabijin. Saboda haka har yanzu sai na kira na tambaya, sai dai Faransancina gajere ne, ba na zagaye. Mijina yana ganin na cika tsanani. Nakan ce masa ni ba na duba yawan masu tsaron ruwa ko tsawon tobogan, abin da nake tambaya shi ne wane babba ne a cikinmu zai kasance a jiƙe, kusa da ƙaramar, daga shiga har fita. Idan amsar ba ta fito ba, wurin zai jira.

Bara mun kama wani ɗan gida mai pisin, muka tafi da Inna da Baba. Gwiwoyin Inna sun fara ba ta wahala, sai an kama ta take sauka matakala, amma da ruwa ya ɗauke ta sai nauyin ya tafi. Baba ya yi ritaya, kansa ya yi fari, yana iya ƙetare faɗin pisin yana huci, ba ya wuce haka. Da ɗana ya dame shi da tambayar yaushe za a kai shi wurin tobogan, sai ya ce ranar da ya riga shi isa wancan bakin. Inna ta ce daga cikin ruwa, in haka ne a fara haɗa kaya.

Da muka dawo na sa yaron a ajin iyo na unguwa. Bayan darasi na biyu malamin ya tare ni, ya ce yaron ba ya tsoron ruwa ko kaɗan, amma iyonsa wani iri ne, a karkace yake tafiya, kansa a waje, yana sheƙa ƙafa gefe, bai taɓa ganin irinsa ba. Ya tambaye ni wa ya koya masa. Na ce kakarsa. Ya ce ba komai, cikin wata ɗaya zai gyara masa.

Na ce to, ya gyara. Amma na tsaya a bakin ruwan har aka tashi, ina kallon ɗana, wanda bai taɓa ganin Madarunfa ba, yana ƙetare pisin na birnin Lyon da iyon masuntan garin.